Yadda ake kafa tashar auna zafi da tururin da ƙasa ke fitarwa

Aikin farko shi ne zaɓen wuri, domin na'urar ba abin da ke gindinta take aunawa ba, iskar da ta ratso fili daga nesa take karantawa. Shi ya sa masu binciken HAPEX-Sahel, wani aikin nazarin musayar zafi da ruwa tsakanin ƙasa da iska, da suka yi aiki a kewayen Yamai a 1992, suka ware tasha daban ga gonar gero, daban ga saura, daban ga daji. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, kowace mita 1 ta tsayin na'ura tana bukatar kimanin mita 100 na fili iri ɗaya ta ɓangaren da iska ke fitowa. A Sahel kuwa iskar damina daga kudu maso yamma take zuwa, ta hunturu daga arewa maso gabas, saboda haka a duba ɓangarorin biyu kafin a kafa turken da za a ɗaura na'urorin.

A saman turken a ɗaura ma'aunin iska mai aiki da sauti, a daidaita shi kada ya karkata, sannan a sa ma'aunin tururi dab da shi. Dukansu su riƙa ɗaukar awo sau 10 ko 20 a daƙiƙa, a fitar da matsakaici duk minti 30. Ma'aunin zafi da laima ya zauna a tsayin mita 2 cikin farar rumfarsa, na hasken rana kuma a miƙa shi nesa da inuwar turke. Faifan auna zafin da ke shiga ƙasa a binne shi 'yan santimita kaɗan, a mayar da ƙasar yadda aka same ta.

Abin da ya fi ɓata awo, a ganina, sakaci ne da ƙura. Hazon hunturu kan lulluɓe gilashin na'ura da farantin sola, ɗigon ruwan sama ma kan rikita ma'aunin tururi, don haka a riƙa gogewa da tsumma mai laushi, a rubuta lokacin a littafi. A kuma kewaye wurin da shinge, don awaki ba sa ƙyale waya.

Kowane mako a tara zafin da ya shiga iska, da wanda ya tafi wajen busar da ruwa, da wanda ya shiga ƙasa, a kwatanta da abin da ya rage na hasken rana bayan an cire wanda ya koma sama. Giɓin kashi 10 zuwa 30 cikin 100 tsakanin su biyun abu ne da aka saba gani. In ya zarce haka, a fara binciken agogon na'urori da wayoyinsu.