Kafin ku sayi dutsen shimfiɗa a kasuwar Dei-Dei, ku gwada shi

'Yan uwa masu gini a Abuja, ba duk dutse mai sheƙi ne mabul ba. Mabul da kwazayit da nais rikiɗaɗɗun duwatsu ne: zafi da matsi a can ƙarƙashin ƙasa suka sauya su ba tare da sun narke ba. Kashi biyu ne. Akwai masu layi-layi, irin nais da shist, domin matsin ya jera ma'adinansu gefe guda. Akwai marasa layi: mabul daga dutsen farar ƙasa, kwazayit daga dutsen yashi.

Ku je da wuƙa da lemun tsami. Ku karci bayan dutsen, kada ku taɓa fuskar da aka goge. Taurin mabul 3 ne a ma'aunin Mohs (ma'aunin taurin ma'adinai daga 1 zuwa 10), wuƙa za ta ci shi. Kwazayit 7 ne, shi ke kartar gilashi. Sai ku ɗiga lemun a kan garin da kuka kankaro: mabul zai yi 'yar kumfa.

Don Allah kada ku sa mabul a teburin kicin, tsamin tumatir da lemo na cinye sheƙinsa. Shist kuwa yana ɓarewa ta layinsa, tsakuwarsa falle-falle ce, tana raunana kankare.