Princeton ko Deluxe: inda masu gwada amfilifaya suke yin tuntuɓe

Deluxe Reverb, amfilifayar gita ta kamfanin Fender, wato na'urar da ke ƙara wa gita sauti, ta fito a 1963, Princeton Reverb ta biyo ta a 1964, kuma duk wanda ya gan su a jere zai ce uwa ɗaya uba ɗaya. Kowacce kwalaben lantarki (tube) samfurin 6V6 guda biyu ne suke ba ta ƙarfi, kowacce tana da amsa-kuwwa da karkarwar murya. Amma sau nawa mai gita zai zauna a gabansu minti goma, ya tashi ya yanke hukunci, alhali abin da ya gwada daban, abin da ya ɗauka ya gwada daban?

Babban tuntuɓe shi ne ƙarar. Mutum zai sa maɓallin kowacce a kan lamba 3, ya ce ai ya yi adalci. Bai yi ba. Lambar da ke jikin maɓalli ba ma'auni ba ce, ko amfilifaya biyu masu suna ɗaya ba lallai 3 ɗinsu ta zo daidai ba. Shi kuwa kunne ɗan son zuciya ne, wadda ta ɗan fi ƙara ita yake ba gaskiya. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa, kunne ba ya kama kaurinsa da kaifinsa sosai. Wato da ka ɗaga ɗaya kaɗan, sai ka ji ta fi cika, ka rantse ta fi daɗi. Maganin ba tsada. Sauke manhajar auna ƙara a waya, ajiye wayar wuri guda, ka daidaita su biyun kafin ka buɗe baki. Kada kuma wat ya ruɗe ka. Deluxe 22 ce, Princeton wajen 12, amma ninka wat desibel 3 kacal yake ƙarawa a ma'aunin ƙara, tazarar waɗannan biyu ma ba ta kai haka ba.

To me ya sa Deluxe take cika ɗaki haka? Lasifika. Tata inci 12 ce a akwati mai faɗi, ta Princeton inci 10 a ƙaramin akwati. Ni kaina na daɗe ina cewa Princeton siririyar murya gare ta, har ranar da wani abokina ya zare wayar lasifikarta ya jona ta da ta Deluxe. Na kaɗa tsirkiya ɗaya na yi tsit. Rabin abin da nake ɗora wa kwalabe, ashe aikin lasifika ne. Dukansu lasifika mai om 8 (ma'aunin juriyarta ga wuta) suke so, don haka musayar ba matsala, sai dai a kashe wuta tukuna. Amfilifaya mai kwalba idan aka kaɗa ta babu lasifika a jone, taransifomarta tana iya ƙonewa, gyaran kuma ba na kuɗin shayi ba ne. A tuna Princeton ba ta da makunnin jira (standby, mai tsayar da sauti ya bar kwalabe da ɗumi) da Deluxe take da shi, kashe ta za ka yi gaba ɗaya.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da Deluxe. Tasha biyu gare ta, wato hanyoyin jona gita, Normal da Vibrato, kuma kusan kowa ta biyun yake shiga domin can amsa-kuwwa take. A kan maɓallin ƙarar wannan tasha akwai 'yar ƙaramar na'urar lantarki da ake kira kafasita, da ke barin kaifi ya wuce idan ƙarar tana ƙasa. A lamba 2 sai ka ji tana sukar kunne, ka ce ba ta da daɗi. Murɗa ta sama, kaifin ya lafa. Princeton ba ta da wannan kafasita, shi ya sa a cikin ɗaki da dare take saurin sace zuciya.

Sai batun hannu, wanda shi ne ainihin abin, kuma shi bidiyon intanet ba ya iya nunawa. Sauraro daban, kaɗawa daban. Ka taɓa tsirkiya a hankali, sannan ka finciko ta da ƙarfi, ka lura da abin da ya dawo maka a yatsa. Princeton takan ɗan lotsa kamar katifa, muryarta ta shaƙe da wuri, idan ka matsa mata kuma kaurin ya saki jiki ya yi taɓo-taɓo, sai ka rage maɓallin kauri ta dawo hayyacinta. Deluxe takan tsaya ƙyam ta jure duka kafin ta karye. Sashen da ke raba sauti ga kwalaben nan biyu ba ƙira ɗaya ba ne a cikinsu, wutar Princeton ma ba ta kai ta yayarta ba. Ko karkarwar tasu ta bambanta: ta Princeton da kwalaben kansu take wasa, sai ta fito da laushi, ta Deluxe kuwa da ɗan fitila take aiki, tana yanka sautin gutsi-gutsi. Duk wannan ba ka jin sa a ƙarar da ba ta tashi mai barci ba.

Ƙananan abubuwa: gita ɗaya, waya ɗaya, a rufe amsa-kuwwa, a bar kwalabe su yi ɗumi. Kada ɗaya ta jingina da bango ɗaya tana tsakar ɗaki, bayansu a buɗe yake, bango yana ƙara kauri. Wadda aka kawo daga Amurka wutar 120 take ci, ba 230 irin tamu ba, sai da taransifoma. In kuma janareta ne yake ja yana saki, amfilifayar za ta yi laushi yanzu ta yi tauri anjima, gwajin ranar a bar shi sai wuta ta zauna.