Yadda Ake Sa Excel Ya Shafa wa Guraben da Ba a Cike Ba Launi da Kansa

Duk wanda ya taɓa riƙe jadawali mai layi ɗari biyu ya san ido kaɗai ba ya gano kowane gurbin da aka manta ba a cike ba. Illar kuwa a ɓoye take, domin AVERAGE, fomular da ke lissafa matsakaici, tana tsallake gurbin da babu komai ba tare da gargaɗi ba. Maganin shi ne a rubuta ɗan makro, wato jerin umarni da Excel ke aiwatarwa, wanda zai riƙa shafa wa irin waɗannan guraben launin rawaya duk lokacin da aka canza wani abu.

A buɗe fayil ɗin, a danna Alt da F11 tare, sai tagar VBA, inda ake rubuta makro, ta bayyana. A ɓangaren hagu a danna sunan shafin da ake aiki a kansa sau biyu, domin a cikin shafin kansa umarnin zai zauna. Idan aka ajiye shi a Module, wato wurin rubuta umarni da ba na wani shafi ba, ba zai tashi da kansa ba. Sai a rubuta:

Private Sub Worksheet_Change(ByVal Target As Range)
Dim g As Range
For Each g In Range("A2:D200")
If Len(Trim(g.Text)) = 0 Then
g.Interior.Color = vbYellow
Else
g.Interior.ColorIndex = xlNone
End If
Next g
End Sub

Makron yana bin guraben ɗaya bayan ɗaya daga A2 zuwa D200, ya shafa wa wanda babu komai rawaya, ya kuma goge launin da zarar an cike shi. A sauya wannan iyakar ta dace da girman jadawalin, amma kada a ɗauki ginshiƙi sukutum, domin layukansa sun kai 1,048,576, kuma kwamfuta za ta yi nauyi.

Akwai gajeriyar hanya ta SpecialCells, umarnin VBA da ke iya zaɓo guraben da babu komai, sai dai na fi amincewa da makron da ke sama. Gurbin da aka buga tazara a ciki bisa kuskure, ko wanda ke ɗauke da fomula da ba ta nuna komai, ido yana ganinsa fanko, amma SpecialCells tana ɗaukarsa a cike. Trim tana cire tazarar, Len ta ƙirga abin da ya rage, don haka duka biyun ba sa tserewa.

A kula cewa makron yana goge duk launin da aka riga aka shafa a cikin iyakar, kuma Ctrl da Z ba sa mayar da aikin makro, saboda haka a fara gwadawa a kan kwafi. Wajen adanawa a zaɓi nau'in .xlsm, domin .xlsx ba ya riƙe makro, sannan idan aka sake buɗe fayil ɗin a danna Enable Content, in ba haka ba makron ba zai yi aiki ba.