Ciwon suga na lokacin ciki ya wuce, to sai me?

'Yar uwa, don sugarki ta sauka bayan haihuwa kar ki ce shikenan, mai irin wannan tarihin ta fi saurin kamuwa da ciwon suga mai dorewa, wato nau'i na 2, daga baya.

Ki koma asibiti a gwada ki sati 4 zuwa 12 bayan haihuwa, sannan duk shekara 1 zuwa 3 ko da kina jin garau, don wallahi ciwon nan shiru yake shigowa. Ki shayar da nono in da hali. Tafiya da sauri minti 30, kwana 5 a sati, lemun kwalba kuwa ki rabu da shi kawai, ki kara ganye ki rage tulin abinci. In akwai kiba, rage kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyinki ma yana taimakawa sosai. Kafin wani cikin, a sake gwaji.