Kar ka danna ofdet kana tsaka da aikin biki

Ni mai gyaran hoto ne a Tudun Wada nan Kaduna, kuma abin da zan faɗa a kaina ya faru shi ya sa nake so 'yan uwa masu sana'ar su ji. Wani daren Alhamis ina da hotunan kamu da na walima sun fi 300, uwar amarya ta ce ranar Asabar take son kayanta, sai Photoshop, manhajar da nake aiki da ita, ta nuno min wai sabuwa ta fito, na danna. Tunda ta gama sauka duk hoton da na buɗe na fara gyaran fuska sai ta yi hankin, linzami ya koma ɗan zagaye yana ta juyawa, can sai ta rufe kanta gaba ɗaya, ga janareta yana ta shan mai ga datar da na ƙona. Da safe Hajiya ta kira, "Malam yaya dai hotunan namu?" Wallahi na rasa bakin magana.

Ka ga yawancinmu laftof 'yar hannu muke amfani da ita, su kuma sababbin manhajojin nan katin girafik suke dogara da shi sosai. Photoshop na yanzu RAM 8GB shi ne mafi ƙaranci, 16GB suke ba da shawara. To in injinka tsoho ne kuma direban girafik ɗinsa, wato 'yar manhajar da ke sarrafa katin, ya kwana biyu, tsohuwar manhaja za ta yi ta tafiya lafiya lau amma sabuwar ta ƙi zama. Masu Windows 10 ma su sani tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina tallafa masa, don haka a duba ko sabuwar tana karɓarsa tukuna.

Farko dai shiga Creative Cloud, manhajar kamfanin Adobe da ake saukewa da sabunta Photoshop ta cikinta, wajen Preferences, ka kashe Auto-update, kar ta sabunta kanta kana barci. Ranar da ka yi niyyar sabuntawa da kanka kuma, akwai wani ɗan akwati Remove old versions, cire masa alamar nan, don tsohuwar ta zauna tare da sabuwar. Wannan shi ne ya fi komai muhimmanci a wajena, in sabuwa ta yi gardama kawai ka koma ta da ka ci gaba da aikinka. In ma ta riga ta goge, danna ɗigo ukun da ke gefen sunan manhajar ka zaɓi Other versions, sai dai fa ba sa ajiye tsofaffi can baya, kuma wata datar ce za ka sake kashewa.

Masu Lightroom Classic, wata manhajar gyaran hoto ta Adobe, ku kam ku yi hattara da katalog, wato fayil ɗin da take ajiye bayanan hotunanku da gyaran da kuka yi musu. In babbar sabuwa ta zo takan ɗaga katalog ɗinka zuwa sabon tsari, kuma wanda aka ɗaga tsohuwar ba za ta buɗe shi ba, wato duk gyaran da ka yi bayan nan ya maƙale can. Kwafi katalog ɗin da firiset-firiset ɗinka, wato saitin gyaran da ka adana, a hadis (hard disk) na waje kafin ka taɓa komai.

In kuma aikin gama ya gama Photoshop tana ta rufewa, kar ka yi saurin kai injin a yi masa fomat. Shiga Preferences, Performance, ka cire alamar Use Graphics Processor ka sake buɗewa, sau da yawa nan matsalar take. In ba ta daina ba, riƙe Ctrl da Alt da Shift lokacin da take buɗewa, za ta tambaye ka ko ta goge saitin, ka amince, amma ka san saitinka zai koma kamar sabo. Sannan a File Handling ka mayar da ajiyar kai-tsaye minti 5 maimakon 10, saboda yadda ake ɗauke mana wuta.

Ni yanzu cikin azumi nake sabuntawa lokacin da bukukuwa suka lafa, shi ma sai sabuwar ta yi 'yan makonni da fitowa na ji abin da abokan sana'a suka ce, sannan in gwada ta da tsofaffin hotuna kwana biyu kafin in ɗora mata aikin kwastoma.