Yadda ake gano dalilin zafin inji da ke ta dawowa a tsohuwar mota

Wannan bayani na wanda motarsa ta yi zafi aka gyara, bayan mako biyu ko uku allurar zafi ta sake hawa ne. Ina magana a kan tsofaffin motocin da suka cika Maradi, irin su Toyota Corolla da Starlet da Carina, waɗanda suka gama aikinsu a Turai kafin su sauka Kwatano ko Lome. Kuskuren da na fi gani wajen sababbin masu mota shi ne, da zarar an ce zafi sai su amince a kwance kan inji a canza gaskit, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa, alhali gaskit ɗin sau da yawa zafin ne ya ƙona shi, abin da ya kawo zafin kuma yana nan ba a taɓa shi ba.

Mataki na farko ba ya buƙatar sifana. Ka ɗauki kwana uku kana lura da lokacin da allurar take hawa. In tana hawa ne a cunkoson bakin babbar kasuwa, ta sauko da zarar ka samu fili ka taka, to fanka ce ba ta aiki yadda ya kamata. In kuwa cikin gari lafiya lau take, sai ka kama hanyar Tasawa ko ta Ɗan Isa kana gudu sannan ta hau, to ruwa ne ba ya zagayawa da kyau, wato lagireto ya toshe ko famfon ruwa ya gaji. Hali na uku shi ne motar da ke cin ruwa: ka cika da safe, gobe ka tarar ya ragu, kuma babu ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Wannan na uku shi ne ya fi wahalar da mutane, ni ma shi ya ci mini kuɗi.

Saboda haka, kafin kowa ya taɓa inji, ka duba murfin lagireto, kuma da safe kafin a tada mota, domin buɗe shi da zafi yana iya watsa maka tafasasshen ruwa a fuska. Mutane suna ɗaukar murfin nan kamar murfin tukunya, amma aikinsa ya wuce rufewa. Ruwa yana tafasa a digiri 100, shi kuwa murfin yana riƙe matsi a ciki, ta yadda ruwan ba zai tafasa ba sai ya kai wajen digiri 120. Za ka ga lamba a samansa, galibi 0.9 ko 1.1, ita ce ƙarfin matsin da yake riƙewa. In robar ƙasansa ta tsage ko sifirin ya saki, ruwan zai riƙa tafasa da wuri yana tsiyaya ta tiyon rara kana cikin tafiya, inda ba za ka gani ba, musamman a watan Afrilu da Mayu da zafin garinmu ke wuce digiri 40.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin faifai a tsakiyar murfin daga ƙasa, wanda kusan babu mai dubawa. Idan inji ya yi zafi, ruwa yana kumbura ya tura rararsa cikin gorar roba da ke gefe. Idan ya huce, wannan faifan ne ke buɗewa ruwan ya komo cikin lagireto. In ya maƙale, kullum ruwa yana fita amma ba ya dawowa. Alamarsa a fili take: gora cike har baki, lagireto kuwa ruwansa ya yi ƙasa, wani lokaci ma ka tarar da babban tiyon sama ya motse kamar an tsotse shi. Haka nan in siririn tiyon da ya haɗa su ya tsage, iska zai ja maimakon ruwa. Tawa Corolla sau biyu aka buɗe mata kai a wani garaji, kowane karo na biya kuɗin gaskit da na aiki, har sai ranar da wani dattijon makanike ya jijjiga murfin a kusa da kunnensa, ya ce mini: “Alhaji, ai wannan ne maras lafiyar.” Kuɗin sabon murfi bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na kashe ba. Ka sayi mai lamba daidai da tsohon, kada ka bari a ba ka 1.1 a madadin 0.9 da sunan ya fi ƙarfi, domin tsohon lagireto mai kan roba yana iya tsagewa. Ka shafa bakin lagireton da yatsa. In ya lanƙwashe ko ya ɓantale, sabon murfi ma ba zai kama ba.

Sai bayan haka ake tuhumar gaskit, kuma gwajinsa kyauta ne. Inji a sanyaye, ka cika lagireto har baki, ka bar shi buɗe, ka tada mota. Kumfa ɗaya ko biyu a farko iska ce kawai take fita, amma in kumfa tana ta fitowa ba ƙaƙƙautawa, tana ƙaruwa duk lokacin da aka taka totur, to hayaƙin inji ne ke shiga hanyar ruwa. Ka zaro sandar baƙin mai ka ga ko ya koma kalar shayi da madara, sannan ka kwance buji duka. Wanda ya fito fes kamar an wanke shi alhali ƴan uwansa suna da dauɗa, a ɗakinsa ruwa ke shiga. In ya tabbata, kada ka yarda a ɗaura sabon gaskit ba tare da an kai kan injin an auna shi ba, tunda na alminiyum ne, zafi yana lanƙwasa shi.

Batun tamosta kuwa, wato ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa kada ya wuce lagireto sai inji ya yi zafi, ra'ayina ɗaya ne: ba a cire shi. Na san kusan kowane makanike zai ce na ƙasar sanyi ne, a jefar. A yawancin waɗannan Toyota yana buɗewa ne wajen digiri 82, kuma rashinsa yana sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai. Ka jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta. In ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, lafiyarsa ƙalau, in bai buɗe ba ka sayi wani.

Sauran aikin ba shi da wuya. In fanka ce, ka duba fis da rile da maɓallin zafi da ke kunna ta, maimakon a haɗa ta kai tsaye da makulli. In lagireto ne, ka kashe mota bayan ta yi zafi, ka shafa jikinsa a hankali nesa da fanka. Wurin da ka ji sanyi a tsakiyar zafi ya toshe, galibi saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa, sai a kai a buɗe a tsefe shi. Ka wanke ƙurar hunturu da ke cushe tsakaninsa da lagireton na'urar sanyi. Famfon ruwa in yana ɗiga ta ƙaramin ramin ƙasansa ko yana girgiza idan ka kama shi, a canza. Wajen zuba sabon ruwa, ka sa na kanti mai launi, ka ɗaga gaban motar kaɗan, ka buɗe hita, ka bar inji yana aiki ba murfi har tiyon sama ya yi zafi iska ta gama fita, sannan ka cika ka rufe. Ka sa alama a jikin gorar da alli, ka riƙa dubawa kowace safiya har mako guda.