Yadda za ka tatso sinadaran antioksidan daga ganyen zogale ba tare da ka kashe su ba

Duk shekara sai na ga ɗalibai masu furojet sun shigo lab da ƙullin garin ganye a leda wanda ya riga ya koma ruwan ƙasa, ka tambaya a ina aka shanya a ce maka a kan rufin kwano, wallahi abun yana min ciwo, saboda tun kafin a taɓa kwalba ko ɗaya an riga an yi asarar abun da ake nema. Su waɗannan sinadaran da ake kira antioksidan, wato masu tare ɓarnar da iskar oksijin ke yi wa ƙwayoyin jiki, ba sa shiri da zafi da hasken rana da daɗewa a buɗe. Zan yi misali da zogale don shi ne kowa ke da shi a bayan gida, kuma yana ɗauke da antioksidan irin su kwasetin da kamferol da bitamin C, amma hanyar ɗaya ce ko da shuwaka ce ko ganyen gwaba ko sabara.

Ka tsinko ganyen da safe, lafiyayye mara tabo, kar ka ɗebo na bakin titi da ya sha hayaƙin mota da ƙura. Ka yanki reshe ɗaya da furensa ka kai ma'ajiyar tsirrai ta sashen nazarin tsirrai a tabbatar maka da sunansa a baka lamba, don ranar difens, wato ranar kare furojet ɗinka, sai an tambaye ka. Sauran ka ɗauraye da ruwa mai tsabta, ka tsane, ka zage ganyen daga ƙananan rassan.

Toh shanya, nan ne aikin yake. A inuwa ake yi, cikin ɗakin da iska ke ratsawa, ka baza shi sirara a kan tabarma mai tsabta ko tire ba a tara shi tsibi ba, kana juyawa safe da yamma. Da hunturu ƴan kwanaki sun isa, sai dai ka rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙura, da damina kuma ka sa ido sosai don danshi na sa shi ya yi fumfuna, in ya yi kuwa zubarwa za ka yi babu wani gyara. In akwai obin a lab ɗinku ka sa shi a digiri 40 na ma'aunin Salshiyas, kar ka zarce 50 don kana sauri. Alamar ya yi ita ce ka murza da yatsa ya karye ƙas ƙas kuma har yanzun kore ne shar. Ni na fi son ka auna shi yau ka sake aunawa gobe, in nauyin bai sauka ba ruwan ya gama fita.

Dan Allah kar ka kai injin niƙa na kasuwa, injin yana ɗaukar zafi kuma ba ka san ko barkono aka niƙa kafin naka ba. Turmi mai tsabta ko blanda, kana kunnawa kana kashewa don kar ta yi zafi, sai ka tankaɗe da rariya ka zuba a kwalba mai murfi ka ajiye a duhu.

Hanyar da na fi ba mutane shawara ita ce jiƙo, irin dai wanda kakanninmu ke yi, bambancin kawai ruwan da ake jiƙawa da awo. Zallan ruwa yana ciro wasu ya bar wasu, zallan itanol, wato barasar da ake aiki da ita a lab, shi ma haka, amma in ka haɗa su biyun sai su kwaso da yawa, shi ya sa ake yawan amfani da itanol mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari. In naka mai kashi 96 ne ka auni mililita 730 ka cika da tataccen ruwan lab har ya kai lita 1. Awon kuwa ɗaya ga goma ne, giram 100 na gari a lita 1 na wannan haɗin itanol ɗin. Ka zuba a kwalba mai duhu ko ka naɗe ta da takardar alminiyom, ka toshe bakin sosai don itanol gudu yake, ka bar shi awa 48 zuwa 72 kana girgizawa duk sanda ka wuce. Daga nan ka tace da farin yadi ka matse, ka sake tacewa da takardar tacewa ta Whatman mai lamba 1, tukar kuma kar ka zubar, ka sake jiƙa ta sau ɗaya ko biyu da sabon haɗin itanol ɗin ka haɗa su duka, akwai saura a ciki sosai.

Wasu malaman za su ce maka metanol, wata irin barasar lab ce daban, ya fi ja, eh yana ja, amma guba ne, kaɗan aka sha yana makantar da mutum ko ya kashe, don haka duk abun da aka tatso da metanol na gwaji ne kawai, ba a lasa ba a ba wani. Ka sa safar hannu, ka buɗe tagogi, kuma itanol da metanol dukansu biyun suna kama wuta, kar ka kusanto da su risho ko gas.

Akwai na'urar Soxhlet da Franz von Soxhlet ya ƙirƙira a 1879 don ciro mai daga abinci, tana cin ruwan tatsa kaɗan kuma tana tatsewa tas, sai dai abun da ta tatso yana zaune cikin kwalba yana tafasa na awoyi, itanol kuma sai wajen digiri 78 yake tafasa, kaga bitamin C ba zai kai labari ba. Ni dai ga antioksidan ba na zaɓarta sai in babu yadda zan yi. Wanda lab ɗinsu ke da bahon nan mai girgiza ruwa da sautin da kunne ba ya ji ya huta, minti 20 zuwa 30 ya gama, ya dai riƙa duba zafin ruwan.

Sai ƙafar da ruwan. In akwai na'urar nan mai juya kwalba tana zuƙe iska ka sa ta a digiri 40, in babu ka zuba a faffaɗan kwanon gilas ka ɗora a bahon ruwan ɗumi mai digiri 40 zuwa 45, zai ɗau lokaci musamman in ana ɗauke wuta amma ka daure, kar ka ɗora kan wuta kai tsaye. Abun da zai rage wani kauri ne mai danƙo kore mai duhu. Ka auna kwanon tun yana wayam don ka san nauyin abun da ka samu, ka raba da nauyin garin da ka fara da shi ka ninka da 100, shi ne kason da ka tatso. Ka kankare shi cikin ƙaramar kwalba mai duhu, ka rubuta suna da kwanan wata, sai firiji a digiri 4.

Don ka tabbatar akwai abun a ciki sai gwajin DPPH, wanda Marsden Blois ya fito da shi a 1958. DPPH ɗin wani sinadari ne da ake haɗa ruwansa, launin shunayya ne, ka haɗa shi da ɗan abun da ka tatso ka ajiye a duhu minti 30, in akwai antioksidan zai koɗe ya koma rawaya-rawaya, sai ka karanta a na'urar awon haske a nanomita 517. Ka yi kowanne sau uku, ka gwada bitamin C a gefe don kwatance, kuma shi ruwan DPPH ɗin ranar da za ka yi aiki ake haɗa shi, wanda ya kwana biyu a kan benci ya riga ya fara koɗewa da kansa.